Kofi Na Biyu

"Ɗan Roos ba zai shigo gidan nan ba."

Harlan Veldman ya faɗi haka ba tare da ya ɗago kai daga takalmin da yake ɗaurewa ba. 'Yarsa Leona tana tsaye a bakin tagar kicin, shayin da ke hannunta ya riga ya huce.

"Baba, sunansa Emmett."

"Na san sunansa. Na san sunan ubansa ma."

Ta tagar ana hango abin da uban ya yi. Gefe guda gonar Veldman ce, bishiyoyin tuffa layi-layi, an gama girbe su. Ɗaya gefen, inda gonar Roos take a da, fararen gidaje ne masu kama ɗaya, kowanne da garejinsa. Tsoho Roos ya sayar wa magina ya yi tafiyarsa Florida. Aka tumɓuke bishiyoyin da kakansa ya dasa, aka shimfiɗa kwalta, aka sa wa titin suna Layin Tuffa.

Lokacin Emmett bai ma shiga sakandare ba. Yanzu shi ke koyar da lissafi a cikinta. Harlan bai ga abin da hakan ya canza ba.

"Shi Curtis Dekker me ya yi miki?" ya tambaya. "Gonarsu na jikin tamu. Da nake kwance a asibiti wa ya yi mana feshi? Ɗan Roos?"

"Curtis bai yi min komai ba."

"To?"

"To shi ke nan, Baba. Bai yi min komai ba. Ko gaisawa muka yi ba na jin komai."

"Jin wani abu ba ya riƙe gona." Ya miƙe, ya dafa ƙirji kaɗan kamar yadda yake yi tun da aka yi masa aikin zuciya. "Yau dai za a gama. Ke kika ba da magana, ba ni na ƙwata ba."

Gaskiya ne, ita ta bayar.

A gidan Veldman, duk mai neman 'ya sai ya dafa ruwan tuffa da hannunsa, ya kawo tukunyarsa walimar girbi ta coci. Uban yarinya zai sha kofi ɗaya don kara. In ya miƙa kofin a ƙara masa, ya ba da 'ya ke nan. In ya kife shi, sai wata shekara, ko kuma shi ke nan. Mijin Gwaggo Doris, ƙanwar Harlan, sai a kaka ta uku ya samu.

Makon jiya, bayan doguwar rigima, Leona ta share hawaye ta ce, "Na yarda. Su duka su kawo. In Curtis ka miƙa wa kofi, na rabu da Emmett."

Ta faɗa ne don ta san abu ɗaya game da ubanta: bai taɓa yi wa harshensa ƙarya ba. Ya taɓa kayar da tukunyar uwarsa mahaifiya a gasar gari. Ta yi tunanin za ta zauna ta koya wa Emmett dafuwar marigayiya Mamarta daga farko har ƙarshe.

Sai da ta rufe baki ta tuna da sauran ƙa'idar. 'Ya ba ta taɓa tukunya, ba ta ba da shawara.

* * *

Ƙamshin kirfa ya tare ta tun daga matakalar benen da Emmett yake haya.

Ta same shi a sunkuye kan farar tukunyar lantarki, irin mai dafa abu a hankali, wadda babu gidan da ba ta a garin. Ya ɗaga murfin, tururi ya rufe masa tabarau.

Ba a buɗe murfi. Kowane buɗewa zafi ne ke gudu. Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta, ta cusa hannayenta cikin aljihun kwat.

"Tun asuba take kai," in ji shi yana goge tabarau da gefen riga. "Na yanka su huɗu-huɗu da ɓawonsu. Na sa lemo, kirfa, kanumfari, 'yar citta, na zuba ruwa har ya rufe su. Daidai ne?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ko da kai? Ki ɗan gyaɗa."

"Emmett."

"To, na bari."

Ya ɗauki abin dama dankali ya shiga murƙushe tuffar. Ta riga ta narke, ba a gane wace ce wace.

"Ina ka samo tuffar?"

"Na samo."

"A ina?"

Ya kau da kai. Idonta ya kai kan famfo. A jikinsa an jera ƙananan sitika masu sheƙi, kowace bai fi farcen babban yatsa ba, irin waɗanda ake liƙa wa tuffar kanti.

Ta ja kujera ta zauna.

"Ki tsaya ki ji," ya ce da sauri. "Na je gonar Dekker, uwar Curtis ta ce sun rufe, alhali ga mutane a ciki suna tsinka. Na zo rumfarku, na hango Babanki, na wuce kamar mai neman gidan mai. Sauran gonakin duk abokansa ne. Ina zan je?"

"Ka shiga kanti."

"Na shiga kanti."

"A tsakiyar Michigan. A watan girbi. Ka saya wa Harlan Veldman tuffar da aka ɗauko a mota daga wata jihar."

"Na wanke su sosai."

Ta rasa ko dariya za ta yi. Kuka ya riga zuwa.

"Wace iri ce ma?" ta tambaya cikin shessheƙa.

"Ban sani ba, Leona. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai wata mai zane-zane. Na tsaya a gabansu har mai shara ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Sai na ɗebi kowace kaɗan-kaɗan."

"Sitikar fa? Ka cire duka?"

"Ga su nan kina gani."

Ya ajiye abin damun, ya durƙusa a gabanta.

"Mu bar wannan wasan. Litinin mu tafi Grand Rapids a ɗaura mana a kotu. Ba yara ba ne mu. Babu dokar da ta ce sai wani ya sha ruwan tuffa."

"In dawo in same shi a gadon asibiti?"

"Haka za mu zauna muna tsoron zuciyarsa har yaushe?"

"Ubana ne!"

"Ni kuma fa? Ban sare bishiya ko ɗaya ba. Ranar da aka zo da katafila a ɗaki na kulle kaina. Ya taɓa tambayata?"

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga kan kwat ɗinta.

"Faɗa min gaskiya," ya ce. "In ya miƙa wa Curtis kofin nan, da gaske za ki bar ni?"

"Na ba da magana."

"Ba ita na tambaya ba."

"Ban sani ba! Da safe in na tashi na san abin da nake so. Kafin rana ta yi tsaka na ga Baba yana hawa tsani yana haki, sai komai ya kwance min. Ina son ka. Ina son shi. Ina son gonar nan da Mama take kwance a bayanta. Ka ce in zaɓa, to da wane kan zan zaɓa?"

Emmett ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe ya koma wajen tukunyarsa.

Ya tace ruwan a babban kwano, ya matse tukar, ya zuba sukari mai ƙasa-ƙasa. Ya juye komai cikin tukunyar ba tare da ya ɗauraye ta ba.

Leona ta gani. Ta ƙara damƙe hannayenta a aljihu, ta fita.

* * *

A filin ajiye motoci na coci Curtis Dekker ya tare ta. Ya wanke babbar motarsa, ya aske gemu. Tukunyarsa na kujerar gaba, ya ɗaure ta da bel kamar jariri.

"Leo, idonki ya yi ja."

"Iska ce."

"Iskar bene ko?" Ya yi murmushi, ba na mugunta ba. Tun suna yara yake kiranta Leo, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abin da ke ƙara rikita ta ke nan. Da mugu ne da ta huta.

"Ba zan matsa miki ba," ya ce. "Amma ki duba. Baba Harlan ba zai ƙara kaka da yawa a kan tsani ba. Wa zai hau? Malamin lissafi? Zai ƙirga miki su dai, ya faɗa miki nawa suka ruɓe."

"Curtis, don Allah."

"Na yi shiru." Ya kwance bel ɗin, ya rungumo tukunyar. Fara ce, irin ta Emmett sak. "Sabon irin nan namu na sa, wanda ya fara 'ya'ya bana. Zaƙi kamar zuma. Ko sukari ban nema ba."

"Shi kaɗai?"

"Zalla. Ban haɗa shi da komai ba. Ina so tsohon ya ji abin da gonar Dekker ke fitarwa."

Wani abu ya ɗan motsa a ranta, kamar muryar Mamarta daga nesa. Ba ta kama shi ba. Kanta ya cika.

* * *

Zauren walimar a ƙarƙashin cocin yake, babu taga ko ɗaya. A jikin bango an jera tukwanen lantarki, na wake, na naman kaza, na miyar kabewa, yawancinsu farare. Don kada a tafi da ta wani, kowa ya manna salatif a murfin tasa ya rubuta suna.

Tukwanen manema biyu suna ƙarshen teburi, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya murfin an rubuta Dekker, ɗaya Roos. Su kansu maneman an tura su sama ɗauko kujeru.

Gwaggo Doris ce shugabar kicin. Ta cire murafen biyu ta ajiye a gefe, tana jefa yankan lemo a kowace don ado.

"Ke Marjorie!" ta ɗaga murya. "Kar ki jona tukunyar nan a wurin nan, fis zai tashi, wuta ta ɗauke."

"Bara ma haka kika ce."

"Bara ma ai ya tashi!"

"Wakena zai huce, Doris. Ke da ba ki iya dafa wake ba ba za ki gane ba."

Marjorie ta jona.

Duhu ya rufe zauren ɗif.

Aka yi ihu, aka yi dariya, wani yaro ya fashe da kuka. Fasto yana cewa kowa ya tsaya inda yake, ba wanda ya tsaya. Gwaggo Doris na ba da umarni cikin duhu: a rage tukwane daga bangon nan, a kai rabi wancan, a yi hankali da zafi.

Leona ta kunna fitilar wayarta. Ta ga hannaye suna ɗaukar tukwane. Ta ga wata ta ja ta ƙarshen teburi, wata ta ce a'a ba wannan ba, aka mayar, aka sake ja. Ta ji ƙarar gilashi a kan tangaran, wani yana rufe abin da ya tarar a buɗe.

Da wuta ta dawo, tukwanen biyu suna nan kafaɗa da kafaɗa, a rufe. Dekker a dama, Roos a hagu.

Da ma haka suke? Ta tuna kamar Dekker ce a hagu. Ko kuwa daga ɗaya ɓangaren teburin take tsaye a lokacin?

"Gwaggo, wa ya rufe waɗannan?"

"Oho. Ni na ga abin da ke gabana ma? Matsa min, 'yar nan, kin tsaya kamar an dasa ki."

* * *

Bayan an yi addu'a an ci abinci, aka ja kujera tsakiyar zaure. Harlan ya zauna, ya fito da kofinsa na tasa daga aljihun kwat. Kofin ubansa ne. Hira ta mutu da kanta.

"Baƙo ya fara," ya ce, bai kalli Emmett ba.

Emmett ya buɗe tukunyar hagu. Tururi ya rufe masa tabarau. Ya cika kofin ya miƙa.

Harlan ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki. Ya shanye kamar mai shan magani.

"Ruwan alewa," ya ce. "Zaƙi daga farko har ƙarshe, babu abin da ya tare shi. A ba yara. Wanda ya dafa wannan bai san me ake nema a tuffa ba."

Ya kife kofin a gwiwarsa.

Emmett ya ja da baya, fuskarsa ta yi fari. Leona ta ji zauren yana juyawa da ita. Ta dafa teburi.

"Curtis."

Curtis ya tako da ƙarfin gwiwa, ya ɗaga murfin tukunyar dama. Tururi ya bugi fuskarsa.

Sai ya tsaya.

Tsayuwar ba ta daɗe ba. Ya kalli cikin tukunyar, ya saci kallon ta hagu, ya kalli sunansa a murfin da ke hannunsa. Sannan ya ɗauki ludayi ya cika kofin. Leona ta ga hakan, ta ɗauka fargaba ce.

Harlan ya kurɓa. Bai haɗiye da wuri ba. Ya rufe ido.

"Uhm," ya ce.

Ya sake kurɓa.

"Kun ji wannan? Zaƙi ya shigo, tsami ya biyo shi ya ce masa dakata. Can ƙasa kuma akwai ɗan bauri da ke riƙe harshe. Haɗi ne. Ba iri ɗaya ba, ba biyu ba." Muryarsa ta ɗan karye. "Tun da matata Ruth ta rasu ban sha irinsa ba. Wanda ya zaɓi tuffar nan ya san bishiya."

Curtis ya sunkuyar da kai.

Haɗi? Leona ta kalle shi. Zalla ya ce mata a waje. Ko zolayarta yake yi? Ko ita ce ba ta ji daidai ba? Yau ba ta amince da kunnenta ba, balle idonta.

Harlan ya shanye. Ya miƙa hannu, kofin a buɗe.

Zaure ya ɗauki tafi. Uwar Curtis ta rungume Marjorie. Emmett ya juya ya ɗauki kwat ɗinsa daga bayan kujera.

"Leona," in ji Harlan. "Zo ki zuba."

Kofi na biyu 'ya ce ke zuba shi. Daga nan magana ta ƙare.

Ta karɓi kofin. Bai fi taku kaɗan ba zuwa teburin, amma ta ji kamar tana tafiya cikin ruwa. Ta ɗauki ludayi. Hawaye ya hana ta gani, ta goge da bayan hannu, ta tsoma ludayin har ƙasa ta ɗago.

Wani ɗan abu yana yawo a kai, tsakanin ƙwayar kanumfari da yankan lemo. Zagayayye, mai sheƙi, bai fi farcen babban yatsa ba.

Ta tsaya tana kallonsa.

Gonar Dekker ba ta liƙa sitika. Babu gonar da ke liƙawa a garin nan. Ta tuna famfon bene, ta tuna tukunyar da ba a ɗauraye ba, ta tuna ƙarar murfi cikin duhu. Ja, kore, mai ruwan ɗorawa, mai zane-zane. Kowace kaɗan-kaɗan.

Bayanta ne ke fuskantar jama'a. Ba wanda ya gani sai ita.

In ta cire shi da yatsa, Baba zai tashi da mutuncinsa, ya kwana da farin cikin da rabonsa da shi tun rasuwar Mama. In ta bar shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin tuffar kanti zai gane a gaban duk garin cewa ita ya yaba, har ya haɗa ta da sunan matarsa. Ga zuciyar da aka ɗinke.

Ta ji ƙarar ƙofar matakala. Emmett ne zai fita.

Ta juye ludayin cikin kofin, da abin da ke kansa duka.

"Emmett," ta kira, ba ta juya ba. "Ba a fita sai an shanye."

Ta kai wa ubanta kofin da hannu biyu.

Harlan ya karɓa yana murmushi. Ya kurɓa sau ɗaya. A na biyun ya tsaya, ya sa yatsa ya ciro wani abu daga leɓensa. Ya nisanta shi da ido don ya iya karantawa.

Murmushin ya tafi.

"Washington," ya karanta.

Ba wanda ya motsa. Marjorie ta rufe baki da hannu.

"Curtis," in ji Harlan a hankali. "Yaushe gonar Dekker ta koma jihar Washington?"

"Yallaɓai, ina jin da wuta ta ɗauke ne aka..."

"Ban tambaye ka wuta ba. Ka buɗe murfi, tururi ya buge ka. Manomi ya san ƙamshin tuffarsa ko yana barci. Ka san ba taka ba ce?"

Curtis ya kalli uwarsa, ya kalli Leona.

"Na sani."

"Ka zuba min."

"Ina son ta, Yallaɓai."

"Ruwan alewar naka ne ke nan."

Curtis ya ajiye murfin a kan teburi, ya nufi matakala. Emmett ya matsa masa ya wuce.

Harlan ya juyo ga 'yarsa.

"Ke kuma kin gan shi a ludayi."

"Na gani, Baba."

"Kika zuba min. A gaban mutane."

"Na zuba." Ta durƙusa a gefen kujerarsa, kuka ya ƙwace mata. "Ka yafe min. Na yi tunanin cirewa, wallahi na yi. Na tsaya can ina ganin fuskarka ina ganin tasa, ban san me zan yi ba. Amma kai ka koya min ba a yi wa harshe ƙarya. Da na cire, kai za ka sha ƙarya, ni kuma in aure ta."

Ya dafa ƙirjinsa. Leona ta riƙe numfashi. Ya sauke hannun.

"Ɗan Roos. Matso."

Emmett ya tako, kwat ɗinsa a hannu.

"Wa ya koya maka haɗa iri?"

"Babu kowa, Mista Veldman."

"Wace da wace ka sa?"

"Ban san sunayensu ba. Na rasa wadda zan ɗauka ne, sai na ɗebi duka."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, matarsa ta zungure shi.

"Kin ji ko, Doris?" in ji Harlan. "Bai ma sani ba."

"Na ji," ta ce tana goge hannu da tawul. "Amma Babanmu bai ce sai mai nema ya sani ba. Cewa ya yi ya dafa da hannunsa. Kuma hannunka kowa ya ga ka miƙa shi, Harlan. Ko kana so a kashe wuta a sake?"

"Rufe min baki."

"Sai ka shanye ko ka kife."

Kofin na hannunsa, saura fiye da rabi. Ido duka ya koma kansa. Harlan ya daɗe yana kallon cikinsa, kamar mai neman wani laifin da zai kama. Ya shinshina. Ya ja tsaki.

Ya ɗaga kai ya shanye tas.

Ya miƙe da ƙyar, ya ƙi hannun da Leona ta miƙa masa. Ya tsaya gaban Emmett, ya manna masa sitikar a aljihun riga, ya danna da babban yatsa har sai da saurayin ya ɗan yi baya.

"Gobe bayan coci ka zo gida. Ta ƙofar kicin. Akwai tagar da nake so ka tsaya a gabanta ka faɗa min abin da kake gani."

Ya ajiye kofin a kan kujera, bakinsa a sama, ya tafi neman hularsa.

Zauren ya ɓarke da surutu. Emmett ya sunkuyo kusa da kunnen Leona, tabaransa a karkace.

"Ban gane ba. Na ci ne, ko na faɗi?"

Ta kalli kofin da ke kan kujera, ta kalli bayan ubanta. Ta share fuska da hannun riga.

"Kai dai kar ka cire sitikar nan," ta ce.